Daga Adaka Zuwa Durowa: Shekara Ɗari Uku a Hannun Kafintocin Ingila

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tsohuwa tana neman zane ɗaya a adaka ya san inda gizo ke saƙa. Abin da ake so kullum yana can ƙasa. Sai an kwashe na sama kaf an jibge a gado, an ciro, sannan a sake ninkewa a mayar. Haka mutanen Ingila suka yi ta fama ƙarni bayan ƙarni. A ƙarni na 15, kayan ɗakin mai rufin asiri bai wuce tebur da benci da gado da wani babban akwatin katako mai murfi ba. Akwatin nan shi ne ma'ajin tufafi, shi ne wurin zama, in tafiya ta kama a ɗaure shi a aza a keken doki. Da itacen ok ake yin sa, itace mai tauri da nauyin tsiya, kuma mafi arhar cikinsu fallayen katako shida ne kawai aka buga da ƙusa.

Cikin ƙarni na 17 aka yawaita yin akwati mai aljihu ɗaya ko biyu a gindi, irin wanda ake jawowa a tura. Dillalan baya suka laƙaba masa sunan alfadari, tunda ba shi ga doki ba shi ga jaki. Da mutane suka ɗanɗana sauƙin abin, sai aljifan suka dinga hawa sama, ɗaya bisa ɗaya, har suka cinye cikin akwatin baki ɗaya, aka kafe murfin don ba shi da sauran aiki. Wajen tsakiyar ƙarnin durowa ta tsaya da ƙafarta. Har gobe sunanta a bakin Turawan Ingila yana nufin akwatin aljifai ne, wato ba ta manta gidan ubanta ba.

Na farkon ba su da fasali sosai. Katakon gefen aljihu kauri gare shi, domin a jikinsa ake fafe wata doguwar hanya da za ta hau kan sandar da aka kafa a cikin durowar, aljihun ya rataya a kai. Ƙusa ce ke riƙe da kusurwoyi. Wasu ma sai a yi musu ƙofofi a rufe aljifan, kamar abin kunya ne a gan su. A lokacin sana'ar katako a Landan tana hannun ƙungiyoyi masu kishin iyakarsu, yaro kan yi shekara bakwai a hannun maigida kafin a yaye shi. Rigima ta daɗe tsakanin kafintocin gini da masu haɗa kayan ɗaki kan wa ya cancanci yin me, sai a 1632 dattawan birnin suka raba gardama: aikin da ake haɗawa da gam da turakun katako da saƙa baki cikin baki na masu haɗi ne, kafintan gini ya tsaya a kan ƙusarsa.

Abu biyu suka sauya al'amarin cikin shekara shida. A 1660 Sarki Charles na Biyu ya dawo daga gudun hijira, shi da fadawansa da suka ga irin zaman manyan Faransa da Holan, suka dawo idonsu ya buɗe. A watan Satumba na 1666 kuma gobara ta tashi a Landan ta cinye gidaje sama da 13,000. Da aka sake gina birnin da bulo, dubban gidaje suna bukatar kayan ɗaki a lokaci guda, kuma babu mai son irin na kakansa.

Nan aka shiga yayin itacen walnat, da wata dabara da ta haifi sabuwar sana'a. Walnat mai kyawun zane tsada gare shi, kuma inda ya fi kyau, wato wajen kullutu da gindin reshe, nan ya fi saurin tsagewa. Sai a gina gangar durowar da katako mai arha, yawanci fayin da ake kawowa daga ƙasashen tekun Baltik, a yanka walnat ɗin falle-falle da zarto, mutum biyu suna ja, kaurin kowane bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, a manna a kai da gam ɗin fata mai zafi. Fallaye biyu da suka fito daga wuri ɗaya a buɗe su kamar shafukan littafi, zanen dama ya zama madubin na hagu. Wasu kan yanka reshen zaitun a kwance kamar yadda ake yanka kuɓewa, su jera zoben a saman durowa. Wasu su yanka furanni da tsuntsaye daga itatuwa masu launi daban-daban su cusa cikin fallen. Gwanayen wannan aiki da yawansu baƙi ne. Gerrit Jensen, wanda ya yi wa fadar Ingila aiki tun zamanin Charles har zuwa Sarauniya Anne, sunansa kaɗai ya isa ya nuna tushensa ba na Ingila ba ne. Bayan 1685, da Sarkin Faransa Louis na 14 ya soke dokar da ke kare 'yan Furotesta, dubbansu suka tsallako Ingila da sana'o'insu a hannu. A 1688 wasu mutum biyu, Stalker da Parker, suka buga littafin koyar da yadda za a kwaikwayi baƙin fentin nan mai sheƙi na Japan da Sin, har 'yan matan manyan gidaje suka mai da shi abin yi.

A wannan zamani ne cikin aljihu ya gyaru. Aka bar ƙusa aka koma wani haɗi da ake kira wutsiyar kurciya: a yanka bakin katako ɗaya haƙora-haƙora masu faɗi a ƙarshe, a fafe ɗayan daidai da su, su shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Duk yadda ka ja aljihun, ƙara damƙewa yake. Gefen aljihu ya sirance har ba ya ɗaukar fafewa, sai aka mayar da shi yana zamewa a kan gindinsa. An kuma yi yayin ɗora durowa a kan dogayen ƙafafu masu murɗe, abin sha'awa a ido, amma ƙafafun ba su iya da nauyin ba. Da yawansu sun karye, shi ya sa akasarin waɗanda suka kai yau a kan ƙafafun aro suke, ko kuma an sauke su ƙasa an dasa musu gajeru masu kama da curin fura.

Walnat yana da abokin gaba, wani ƙwaro da tsutsarsa ke cin katako ta ciki sai dai ka ga 'yan huji da gari a ƙasa. Sannan a 1709 aka yi wani sanyi a Turai irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba, ya kashe itatuwan walnat masu ɗimbin yawa a Faransa, har a 1720 gwamnatin ƙasar ta hana fitar da shi. Shekara guda bayan haka, a 1721, majalisar Birtaniya ta cire haraji daga katakon da ake shigowa da shi daga ƙasashen da take mulka a nahiyar Amurka. Jiragen yaƙi aka yi dokar dominsu. Amma wanda ya ci moriyarta shi ne mahogani na Jamaika, tsibirin da Ingila ta ƙwace daga Sifaniya a 1655.

Kafinta bai taɓa samun katako irinsa ba. Gungumensa faɗi gare shi, falle ɗaya ya isa saman durowa ba tare da haɗi ba. Ba ya lanƙwashewa, ƙwaro bai cika damunsa ba, yana karɓar sassaƙa tsaf, kuma in ya sha kakin zuma da hannun masu gogewa shekara da shekaru sai ya koma ja mai duhu kamar goron da ya kwana. Littattafan kayan ɗaki na da can a nan suke tsayawa, su wuce zuwa maganar salo. Ni kuwa ina ganin nan ne ya kamata a ɗan zauna, domin bishiyar ba ita ta kawo kanta tashar jirgi ba.

Bayi ne 'yan Afirka suka sare ta. A Jamaika, ana share daji don rake ana sayar da mahoganin da aka kayar, har cikin 'yan shekaru goma-goma na kusa da teku ya ƙare. Sai harkar ta koma gaɓar Honduras, inda yau ake kira Belize, wurin da Sifaniya ba ta amince a hukumance Turawan Ingila su sari mahogani ba sai a yarjejeniyar 1786, ko da yake sun daɗe suna yi. Mahogani ba ya fitowa gungu-gungu, a warwatse yake cikin kurmi. Don haka kowace tawagar bayi tana da mafarauci, wanda zai kutsa shi kaɗai, ya hau bishiya mafi tsawo, ya hango inda ganyen mahogani ya sauya launi, ya sauko ya gano hanyar zuwa gindinta. Daga nan masu gatari su kafa dandamali sama da tsawon mutum biyu, saboda gindin bishiyar yana da fukafukai masu faɗi, su tsaya a kai suna sara. A share hanya zuwa kogi, shanu su ja gungumen, sau da yawa da dare da hasken wuta saboda zafin rana. In ruwan sama ya sauka kogi ya cika, a tura su su gangara zuwa bakin teku, a fafare su murabba'i a loda. Babu rasit ɗin da ya rubuta sunan mafarauci ko mai gatari a gefen durowar da aka yi.

Sunan da duniya ta riƙe na wannan zamani shi ne Thomas Chippendale, ɗan wani mai haɗa katako, haifaffen Otley a yankin Yorkshire a 1718. Ya buɗe shago a titin St Martin's Lane na Landan, kuma a 1754 ya yi abin da ya bambanta shi da sauran: ya buga littafin zane mai suna The Gentleman and Cabinet-Maker's Director, mai ɗauke da faranti 160 na kujeru da gadaje da durowoyi. Talla ce, amma tallar da ta wuce nufin mai ita, domin duk kafintan ƙauyen da ya sami kwafi zai iya yin irin na Landan, haka ma na Filadelfiya a tsallaken teku. Shi ya sa in dillali ya ce maka durowa Chippendale ce, yawanci salon yake nufi. Mutumin ba ya sa wa kayansa hatimi ko suna. Ta rasitai da wasiƙun da suka saura a manyan gidaje irin su Dumfries House da Nostell Priory da Harewood House ake tabbatar da abin da ya fito daga shagonsa. Shi kansa ɗin ma da wuya a ce ya riƙe zarto bayan ya yi suna: gobarar da ta kama shagon a 1755 ta ƙone akwatunan kayan aikin ma'aikata 22.

Rayuwarsa ba ta yi kama da sunansa ba. Manyan da yake wa aiki gwanayen oda ne, ragwaye wajen biya, wasiƙunsa cike suke da roƙon a rage masa bashi. A 1769 jami'an kwastan suka kama shi da gangar kujeru 60 daga Faransa da ya rage wa kuɗi a takarda. A 1773 shagonsa ya kai wa Edwin Lascelles na Harewood wata durowar ado mai hoton gumakan Rumawa biyu, Diana da Minerva, da aka tsara da fallayen itace da hauren giwa, a kan fam 86, a zamanin da albashin 'yar aikin gida na shekara bai cika kai fam goma ba. Dukiyar gidan Lascelles kuwa daga gonakin rake na Barbados da cinikin bayi ta taru. Irin wannan durowar ta falo Turawan Ingila suna kiranta da kalmar Faransanci, komod, kuma abin dariya, jikokinsu na zamanin Sarauniya Victoria, don tsananin kunya, suka ɗauki sunan suka ba kujerar da ake ɓoye fo a ciki.

Amma durowar da ta cika gidajen Ingila ba mai hauren giwa ba ce. Ta ɗan kasuwa ce da lauya da limamin coci: ƙananan aljifai biyu a sama, dogaye uku a ƙasa, kowanne ya ɗara na samansa zurfi, abin da ke ba ta zama daram a ido. Gaba mahogani, cikin aljihu ok, baya kuwa fayin da ko gogewa ba a yi masa ba tunda bango zai kalla. Kowane aljihu da makullinsa, don lilin da leshi dukiya ne kuma gida cike yake da barori. Daga wajen 1730 aka fara zagaye bakin aljihu da wani siririn katako mai ɗan tudu, wanda ke kare fallen daga ɓarewa. Wasu na da allo siriri a ƙarƙashin saman da ake jawowa a shimfiɗa riga a goge mata ƙura. Akwai ƙarama ta gwauro mai saman da ke buɗewa ya zama teburin rubutu, akwai kuma doguwa, durowa bisa durowa, wadda gajere sai ya taka wani abu kafin ya leƙa aljihun sama.

Sunaye biyu da ke biye da Chippendale sun ma fi shi zama sunayen littafi. George Hepplewhite ya rasu a 1786, matarsa Alice ce ta buga littafinsa a 1788, kuma har yau ba a nuna kujera ko durowa ɗaya da aka tabbatar daga shagonsa ta fito ba. Thomas Sheraton, mutumin Stockton-on-Tees, ya fara fitar da littafin zanensa a 1791, ya rayu yana koyar da zane yana wa'azi, ya mutu a 1806 cikin talauci. Su aka ba salon ƙarshen ƙarnin: jiki marar nauyi, gaba mai lanƙwasa kamar baka, ƙafafu masu ɗan buɗewa waje, da itacen satin mai ruwan zuma. Masu yin aikin kuwa suna wasu wurare. Wata marubuciya Bajamushiya, Sophie von La Roche, ta ziyarci masana'antar George Seddon a Landan a 1786 ta ce ma'aikata 400 ne a ciki. A Lancaster, gidan Gillow suna shigo da mahogani da sukari da barasa daga tsibiran Karibiyan da kansu, kuma suna cikin ƙalilan da suka riƙa buga sunansu a bakin aljihu. A 1788 ma'aikatan Landan suka fitar da littafin farashin aiki, inda aka ƙayyade ladan durowa tsurarta, sannan kowane ƙari da kuɗinsa, aljihu ɗaya ne ko inci ɗaya. In kana neman muryar wanda ya yi aikin da hannunsa, nan ta fi fitowa.

Ƙarni na 19 ya zo da inji da daula. A 1806 Marc Brunel ya yi rajistar injin yanka fallen katako, daga nan falle ya yi ta sirancewa har ya kusa zama takarda. Birmingham tana buga mariƙan tagulla da inji dubu-dubu. Wajen 1820 aka shigo da wani shafi mai ƙyalli daga Faransa, aka bi tsofaffin durowoyi da yawa aka kankare musu tsufansu aka shafa. Hafsoshin da ake turawa Indiya da sauran wurare kuma aka yi musu tasu: gida biyu ce da ake rabawa a rataya wa alfadari dama da hagu, kusurwoyinta da tagulla, mariƙanta a nutse cikin katako don kada su maƙale, ƙafafunta na kwancewa. Da mahoganin Karibiyan ya yi ƙaranci, a ƙarshen ƙarnin 'yan kasuwar Liverpool suka juyo Afirka ta Yamma, gungume ya riƙa fita daga Axim a ƙasar Gana ta yau, da gaɓar Kodebuwa, da kogunan yankin Benin. Garin Sapele har ya ba wani katako sunansa. Abin da suka kira mahoganin Afirka ɗan'uwan maɗacin nan ne da ake jiƙa ɓawonsa a sha don ciwon ciki, jinsinsu ɗaya, sai dai shi na kurmi ne. Durowoyi da yawa da aka yi a farkon ƙarni na 20 a salon Chippendale da Sheraton da shi aka yi su.

Domin a lokacin tsohon kaya ya zama abin nema. Tsakanin 1904 da 1908 Percy Macquoid ya fitar da tarihin kayan ɗakin Ingila mujalladi huɗu, ya raba shi zamanin ok, na walnat, na mahogani da na satin, rabon da dillalai ke bi har yau duk da cewa kafintan ƙauye bai taɓa daina aiki da ok ba. Attajiran Amurka suka shigo kasuwa, kuma dokar harajin ƙasarsu ta 1930 ta yafe kuɗin shiga ga abin da aka yi kafin 1830. Inda kuɗi ya taru kuwa algus ba ya nisa. A ɗauko saman wata durowa a aura wa gindin wata, a yanke babba ta koma ƙarama tunda ƙarama ta fi tsada, a yi wa ta ok sabuwar riga ta walnat. Herbert Cescinsky ya rubuta littafi guda a kan waɗannan dabaru a 1931. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse komai: daga 1942 zuwa 1952 gwamnati ce ke tsara irin kayan ɗakin da za a ƙera, marasa ado, kuma da farko sababbin ma'aurata da waɗanda bam ya rushe wa gida kaɗai ake ba izinin saye.

Farashi ya hau sosai a shekarun 1980 da 1990, sannan daga farkon wannan ƙarni ya gangaro. Gidaje sun ƙanƙance, matasa sun fi son fari mai sauƙin ɗauka, na'urar ɗumama ɗaki kuma tana yi wa tsohon katako abin da hunturu ke yi wa ƙafa. Na ƙoli dai bai faɗi ba: a Disamban 2010 aka sayar da wata komod da ake dangantawa da Chippendale a Sotheby's ta Landan a kan kusan fam miliyan 3.8. Amma durowar lauya ta zamanin Sarki George na Uku, mai aljihu biyar, takan fita a gwanjon ƙaramin gari a kuɗin da bai kai na sabuwa ta garin katako ba.

Wanda ya san harkar, in an kai shi gaban irinta, ba ya ɓata lokaci a fuska. Zai zare aljihu ɗaya gaba ɗaya ya kifa. Ya duba haƙoran haɗin: na hannu ba sa zama daidai wa daida, kuma sau da yawa layin da kafinta ya ja da wuƙa yana nan. Ya duba katakon gindi, in tsawonsa daga gaba zuwa baya yake to mai yiwuwa ta girmi 1770, in daga gefe zuwa gefe ne ta biyo baya. Ya shafa inda aljihun ke zamewa ya ji ramin da ja da turawa suka ci. Sannan ya juya bayan fuskar aljihun wajen haske ya ƙirga huji. Biyu na mariƙin tagullar asali ne. Babba guda a tsakiya na wani ɗan zamanin Victoria ne da ya cire tagullar ya sa dunƙulen katako don shi ake yayi. Sababbi biyu a gefe, waɗanda bakinsu bai yi baƙi ba tukuna, na dillalin da ya cire dunƙulen ya mayar da tagulla ne, sai dai bai sami mai faɗin ta farko ba.